Bencin Mika

Malam Ɗahiru ya sha faɗa, a ɗakin malamai da gindin mangwaron masallaci da duk inda ya samu mutum biyu masu kunne, cewa a kaf ƙasar Zuru babu aljanin da ya taɓa ganin ƙeyarsa. Fuskarsa kawai suka sani. In ya kawo nan a zance sai ya shafa gemu ya dubi tudu, kamar mai ba mazauna cikinsa damar su fito su musa.

Labarin da yake kafa hujja da shi guda ɗaya ne, sai dai yana ƙara ƙiba kowace shekara. Wai lokacin da gwamnati ta yanke filin sakandaren je-ka-ka-dawo da kowa ke kira Gindin Dutse, magina sun ajiye aiki, domin duk bulon da aka jera da rana sai a wayi gari a tarar da shi a watse. Shi kuwa, yana saurayi sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, ya ɗauki buta da carbi ya shiga filin shi kaɗai da magariba, ya karanta ayoyi uku, aljanu suka goya 'ya'yansu suka haye tudu suna kuka. A shekarun farko aljanun bakwai ne. Kafin ya zama mataimakin shugaban makaranta sun kai saba'in.

To, bana makarantar ta cika shekara arba'in, aka sa ranar biki, kwana biyu kafin a fara jarrabawar fita. Wa za a ba rubuta tarihi in ba shi ba? Ya kuwa zauna ya rubuta, kuma a faɗi gaskiya, yawancin abin da ya sa ya faru. Ya kawo ajujuwa biyu na farko da iska ta ɗauke wa rufi a daminar fari. Ya kawo tsohon wilin tirela da aka rataye a jikin maɗaci, wanda har yau shi ne ƙararrawa. Ya faɗi shekarar da aka buɗe ajin kimiyya da kwalaben gwaji shida da risho ɗaya, da shekarar da ajin kasuwanci ya samu keken rubutu mai ɓataccen harafi, da yadda 'ya'yan manoman tudu suka koya wa malamin noma yadda ake tada kunya a gonar makaranta. Bai manta da 'yan kadet ba, 'ya'yan sojoji da suka iya maci tun kafin su iya karatu, ko 'yan muhawarar da suka je Birnin Kebbi suka dawo da kofi. Shafi na farko ne kawai ya keɓe wa kansa da aljanunsa saba'in.

Autarsa Raudatu, 'yar ajin ƙarshe a ɓangaren kimiyya kuma shugabar ɗalibai mata, ita aka zaɓa ta karanta wannan shafi a gaban baƙi. Ta haddace shi kamar ƙulhuwallahu. Tun tana rarrafe take jin labarin, ba ta taɓa ɗaukarsa labari ba. Har ta ɓata da aminiyarta Goodness a kansa. Goodness jikar Baba Markus ce, tsohon sojan da ya yi gadin makarantar yana buga ƙararrawarta shekara talatin kafin yanar ido ta rufe masa gani. Tambaya kawai ta yi, me ya sa babu sunan kakanta a littafin, kuma me ya sa ba a kai masa katin gayyata ba. Raudatu ta ba ta amsar da ta ji a bakin ubanta, cewa tarihi ba ya rubuta masu gadi. Mako biyu ke nan ba su gaisa ba.

Akwai abu guda kuma da littafin bai ambata ba. A kusurwar baya ta duk ajin da Malam Ɗahiru ke riƙe wa rajista, ana ajiye wani tsohon benci na katakon maɗaci mai haɗe da tebur, wanda ba a barin kowa ya zauna. Kowace safiya in ya gama kiran sunaye sai ya kira ɗaya a ƙarshe, Mika, ya yi shiru gwargwadon numfashi biyu, ya yi maki ya rufe rajista. Sababbin malamai in sun tambaya sai ya ce tunawa ce da wani ɗalibi da ya rasu a shekarar farko. Ɗalibai sun saba, har masu tsoron jarrabawa kan shafa teburin su shafa a goshi.

Bana sai aka zo da sabuwar rajista ta kwamfuta, mai neman hoto da zanen yatsa. Suna babu fuska, ga manyan baƙi za su zo daga ma'aikata, ga kuma littafi yana cewa an kori aljanu tun tuni. Malam Ɗahiru ya yi lissafinsa. Ya zaro jan biro ya soke sunan a tsohuwar rajista, ya sa aka ɗora bencin a amalanke aka kai masa gida. Ya ce katako ne mai kyau, Raudatu ta samu wurin bitar karatu.

Ranar Talata ce, saura kwana tara jarrabawa. Hadari ya haɗu tun la'asar ya tsaya a kan tudu, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa. Iska ta ɗauke. Kaji sun shige akurki da wuri, ba tare da an kora su ba. Matarsa Jamila tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, Raudatu tana kan bencin a bakin rumfa tana kwasar sauran hasken rana a kan littafin kimiyyar sinadarai, shi kuma yana tsugune da buta yana alwala.

Wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro a hankali, ya tsaya.

Jamila ta ce 'ya'yan maƙwabta ne ke jifar mangwaro. Ba wanda ya tuna mata cewa babu mangwaro a gidan. Na biyu ya faɗo cikin ƙwaryar gari, na uku ya faɗo gaban butar Malam Ɗahiru ya rabe biyu. Ya ɗauka ya juya shi a tafin hannu. Alli ne, fari, irin mai kaurin nan na da, wanda aka daina kawowa makarantu tun kafin a haifi Raudatu.

Daga nan sai suka ji ƙararrawa. Makarantar tana can bayan tudu, tafiyar rabin awa, kuma an tashi tun azahar, amma ƙarar wilin nan ta shigo tsakar gida kamar a jikin katangarsu aka rataye shi. Bugu uku, irin na shiga aji. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi. A cikin shirun ne wata murya, siririya, ta yaro namiji, ta fito daga gefen bencin inda babu kowa, ta amsa yadda ɗalibai ke amsa kiran suna.

"Firezan, sa."

Raudatu ba ta yi ihu ba. Matsawa kawai ta yi zuwa ƙarshen bencin, kamar wadda aka ce ta ba wani wuri.

Malam Ɗahiru ya ce rediyon maƙwabta ne. Ya tafi masallaci, ya kuma daɗe ƙwarai a nafila.

Washegari da magariba jifan ya dawo, wannan karon da tsakuwa a haɗe. Ba ta fasa komai ba, ba ta taɓa kowa ba, sai dai ta jeru a tsakar gida layi-layi kamar 'yan asambuli. Raudatu ta ce in ta buɗe littafi haruffan sai su taru a gefe guda su juya mata baya. Da rana ba ta je makaranta ba, ta zauna a ƙarshen bencin tana kallon bango, abinci sai an sa mata a baki.

A rana ta uku, ana kiran salla, ta miƙe tsaye. Ta haɗa ƙafafu, ta mayar da hannuwa baya, ta fara jero sunaye da muryar nan da ba tata ba. Jamila ba ta san ko ɗaya ba. Malam Ɗahiru ya san su duka: 'yan ajin farko ne na Gindin Dutse, su arba'in, a jere yadda ya rubuta su da hannunsa. Wasu sun zama kanar, wasu suna kabari. Da ta kai na arba'in sai ta tsaya, ta juyo da fuskarta gare shi, idanu a buɗe ba ƙiftawa, tana jira.

Jamila ta riƙe masa hannun riga, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam, kai da ka kori saba'in. Wannan ɗaya ne."

Ba yadda zai yi. Ya ɗauki buta da carbi, ya zaɓi wurin tsayuwa a bakin zaure, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, wai don iska ta fi kai karatu daga nan. Ya fara aya ta farko, ya ɗauko ta daga tsakiya, ya koma farko, ya sarƙe. Wani guntun alli ya taso daga inda ba a gani ba ya same shi a tsakiyar goshi, daidai yadda shi kansa yake jifar masu gyangyaɗi a aji. Da Jamila ta ɗago kai, labulen zaure kawai ta gani yana lilo.

Sai bayan isha ya dawo. Da safe ta kira yayanta a waya, kafin la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke Malam Zakariyya, mai ruƙiyyar da yayan nata ya turo daga Wasagu, a ƙofar gida.

Ɗan ƙaramin mutum ne, busasshe, da jakar fata guda, ba ya gaggawar komai. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki, sannan ya ce a gaya masa yadda aka yi. Malam Ɗahiru ya gyara zama ya ɗauko daga shekara arba'in baya, da buta, da carbi, da ayoyi uku. Ya ce ramuwar gayya ce, jikokin waɗanda ya kora ne suka biyo shi gida. Malam Zakariyya ya saurara bai gyaɗa kai ko sau ɗaya ba. Da aka gama sai ya nuna bencin da haɓa ya tambayi inda aka samo shi. Malam Ɗahiru ya ce tsohon kayan makaranta ne da aka zubar. Baƙon ya dube shi, ya dubi tabon alli a goshinsa, ya nemi ganyen magarya bakwai da ruwa a ƙwarya.

Sun yi magariba a tsakar gida. Hasken ƙarshe yana kan kwanon ɗaki, hadarin nan na kwana huɗu yana nan inda yake. Malam Zakariyya ya zauna a buzunsa gaban yarinyar, ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya, yana tofawa a ƙwaryar yana yayyafa mata. An daɗe ba abin da ya motsa. Jemagu suka wuce. Wutar murhu ta mutu, ba wanda ya tashi ya iza.

Sai hannun Raudatu na dama ya ɗaga sama, yatsa ɗaya a miƙe, irin na ɗalibin da ke neman izinin magana.

Malam Zakariyya ya tsayar da karatu. "An ba ka izini. Wane ne kai?"

"Mika. Lamba arba'in da ɗaya."

"Mi ya kawo ka jikin ɗiyar mutane?"

"Ni ba zuwa na yi ba, malam. Kawo ni aka yi a amalanke."

Hausarsa tsaf, irin ta 'yan makaranta, kuma duk maganar da zai yi sai ya ɗaga hannu tukuna. Malam Zakariyya ya tambaye shi ko yana cikin waɗanda maigidan nan ya kora daga filin makaranta. Abin da ya fito daga bakin yarinyar ba dariya ba ne sosai, ya fi kama da ƙarar alli a busasshen allo.

"Ƙeyarsa na fara sani kafin fuskarsa."

Daga nan ya ba da labarin, tiryan-tiryan, kamar mai amsa tambayar tarihi. Ranar da ake magana, mutum biyu ne suka shiga filin da magariba. Markus mai gadi ne a gaba, sabon malami yana bayansa riƙe da fitila. Da dutsen farko ya faɗo, malamin ya saki fitilar, ya haye keken Markus da ke jingine a maɗaci, bai taka birki ba sai a hanyar Mahuta. Markus kuwa ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ya yi sallama da C'lela, harshen mutanen yankin, yadda ake yi wa dattawan tudu, ya tambayi masu wurin abin da suke so. Uwar aljanun ta ce filin nata ne tun kafin a sa wa tudun suna, amma za ta bayar, da sharaɗi guda: in za a koya wa 'ya'yan mutane karatu a ƙofar ɗakinta, to a koya wa nata ɗaya. A ba shi wurin zama, a kira sunansa kowace safiya, muddin makarantar tana tsaye. Sunan yaron ba ya faɗuwa a harshen ɗan Adam, sai Markus ya ara masa na ƙanensa Mika, wanda suka tafi yaƙi tare bai dawo ba, wanda kuma ya so boko bai samu ba.

Da gari ya waye malamin ya dawo da keke da kunya. Markus ya sassaƙa bencin da hannunsa. Da yake alƙalami ba aikinsa ba ne, sai suka yi musaya: malami ya rantse zai riƙe sunan a rajista, mai gadi ya rantse ba zai taɓa ɗaga zancen keke ba.

"Shi ya riƙe tasa," in ji muryar. "Shekara talatin yana jin ana ba da labarin a bakin get ɗin da yake gadi, bai ko yi tari ba."

Malam Ɗahiru yana jingine da bango. Bai dubi inda Jamila take ba, amma yana jin idonta a gefen wuyansa.

Aljanin ya ci gaba. Ya ce bai taɓa makara ba, bai taɓa fashi ba, ko ranar da ruwa ya cinye gada. Ya yi ajin adabi, ya yi na kasuwanci, lissafi kaɗai ya riƙe shi shekara tara, domin su a wurinsu ɗaya da ɗaya ba kullum suke zama biyu ba. Ya yi noman gonar makaranta ranar Alhamis tare da kowa, shi ya sa kunyar ƙarshe kullum ake tarar da ita a gyare. Da iska ta zo ɗaukar rufin ɗakin gwaji shi ya kwanta a kai. Bai nemi kofi ba, bai nemi muƙamin firfet ba. Numfashi biyun nan na safe su ne duk abin da yake da shi. Ran nan ya zauna yana jira, malam ya kira na ƙarshe ya rufe rajista. Ya ɗauka mantuwa ce. Sai ya leƙa ya ga jan layi.

"Ko ɓarawon akuya in za a kore shi daga makaranta ana kiransa ofis," in ji shi. "Ni ba a kira ni ba."

Malam Zakariyya ya tambaye shi abin da yake so.

Ya ce jarrabawa. Tunda an soke sunansa, ita kuma tana da suna da hoto da zanen yatsa, to zai zauna a jikinta ya rubuta, takarda bayan takarda, har a gama. Bayan nan sai ya ga ko zai fita.

Jamila ta toshe bakinta da gefen zane.

Malam Zakariyya bai yi tsawa ba. Ya ce masa an zalunce shi, wannan babu ja, amma wanda aka zalunta in ya kama marar laifi ya zama abokin wanda ya zalunce shi. Ya ce yarinyar shekara shida ta yi tana tara abin da ke kanta, in ya rubuta da hannunta sata ce, kuma ɗalibin da bai taɓa makara ba bai kamata ya ƙare da satar jarrabawa ba. Aljanin ya ce ai ita ma ta haddace ƙaryar da ta shafe shi, har ta zagi jikar Markus da ita. Suka yi ta ja. Malam Zakariyya ya koma karatu, yarinyar ta dafe kunnuwa tana lanƙwashewa, tsakuwa tana zuba a kwano kamar ƙanƙara, amma hannun nan ya sake ɗagawa, muryar ta ce ko za a ƙone shi ba zai ƙara yarda da rantsuwar mai alƙalami ba. Wanda ya kawo shi makaranta kaɗai zai saurara.

Jamila ce ta yafa mayafi ta fita. Kafin a kira isha ta dawo tana riƙe da kan sandar Baba Markus.

Dogon tsoho ne, har yanzu ƙirjinsa a buɗe irin na soja, idanun fari fat. Ya tsaya a tsakar gida ya cire takalmi, ya lallaba ya zauna a ƙasa kusa da bencin, ya ɗora tafinsa a kan katakon yana shafa wurin da ya sassaƙa. Ya yi magana da C'lela, a hankali, doguwar magana, irin wadda ake yi wa yaron da ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Sau biyu ya ambaci Mika. A na biyun hawaye suka gangaro a fuskar Raudatu, kuma ba wanda zai iya cewa na wane ne.

Aka daidaita a kan abu uku. Benci ya koma kusurwarsa da safe. A sake rubuta sunan da baƙin biro a tsohuwar rajista, a riƙa kiransa a asambuli gaban kowa, tunda kwamfuta ba ta san alkawari ba. Na uku, ranar biki, Malam Ɗahiru ya faɗi da bakinsa wanda ya zauna da wanda ya hau keke. Malam Zakariyya ya sa shi ya maimaita sharuɗɗan, ya maimaita da muryar da ko shi bai gane cewa tasa ce ba.

"To kira ni," in ji aljanin.

Malam Ɗahiru ya dubi bencin. "Mika."

"Firezan, sa."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta. Can bayan tudu wilin ya yi ƙara sau ɗaya, irin ta tashi. Sai ga ruwan da ya ƙi zuba kwana huɗu ya sauko.

A zaure, ana jiran ruwa ya tsagaita, Malam Ɗahiru ya fara haɗa wasu kalmomi game da yawan aiki da kuskuren maɗaba'a. Baba Markus ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Kakina na sa aka goge tun wata biyu, Malam. Kullum in na ji babur ya tsaya sai in ce katin ne."

Da ruwa ya ɗauke ya ce Jamila ta mayar da shi, ita ta san hanya.

Abin da ya fi damun Malam Ɗahiru kuwa, da zai raka Malam Zakariyya da safe, sai ya ja shi gefe ya tambaya ko waɗanda aka shiga jikinsu suna tuna abin da aka faɗa. Malamin ya ce galibi ba su tunawa. Wannan galibin ya riƙe shi kamar laya.

Ya cika sharuɗɗa biyu na farko ba ƙwange. Na ukun ma, in ana bin harafi, ya cika. Ranar biki an yi maci, 'yan kadet sun ƙame, an aje wa Baba Markus kujera a sahun gaba da kakinsa mai karin guga. Raudatu ta ce maƙogwaronta bai warware ba, ba za ta iya karanta shafin farko ba, sai uban ya hau da kansa. Ya daɗe yana zagaye a kan kofin muhawara da kwalaben gwaji, ido ɗaya a kan janareta, wanda ya san halinsa tun shekara goma. Da janaretan ya yi tari ya mutu, lasifika ta ɗauke, sai Malam Ɗahiru ya faɗi zancen keke daga farko har ƙarshe, cikin sauri, ga sahun gaba da tsohon bencin da aka fito da shi wajen biki. Wuta na dawowa aka ji shi yana cewa Allah ya ja zamanin Gindin Dutse. Aka tafa. Ba alli da ya faɗo. Aljani ɗan makaranta ne, ya san amsa in an rubuta ta ko da ƙananan haruffa ne ana ba ta maki.

Jajibirin jarrabawa, da yamma, ya tarar da Raudatu a kan tabarma inda bencin yake a da, tana feƙe fensira. Ta rame, amma haruffa sun dawo mata. Ya ji wani daɗi ya taso masa, ya jawo kujera ya zauna, ya shafa gemu ya dubi tudu.

Ya ce mata ita ba ta san abin da aka sha ba a kwanakin nan, Allah ya rufa mata. Wani ƙaton ifiritu ne daga zuriyar saba'in ɗin nan. Malamin Wasagu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, bawan Allah, amma da abin ya gagara shi ne ya matso, ya dubi aljanin ido cikin ido, ya kira sunansa sau ɗaya tak, sai ga shi yana amsawa da ladabi.

Ta gama feƙe fensirin da ke hannunta, ta hure ƙurar, ta jera shi kusa da 'yan'uwansa.

"Baba, bakina ya ara. Bai ari kunnena ba."

Ya buɗe baki.

"Na ji har keken," in ji ta. "Kuma ranar biki ina tsaye kusa da janareta. Na ga inda kake kallo."

Ta tattara littattafanta, ta ɗauki littafin tarihin makaranta da ke cikinsu ta ajiye masa a kan gwiwa, ta gaya wa uwarta za ta gidan su Goodness bita, in sun yarda su buɗe mata ƙofa. Malam Ɗahiru yana zaune da littafin, shafin farko yana kallonsa, ya bi ta da ido har bakin zaure ko za ta waiwayo. Ƙeyarta kawai ya gani.